Tutar Rawaya Da Titin Upper Iweka

Garin Anacha ba ya bakin teku. Akwai 'yan kasuwar da suka tsufa a cikinsa ba su taɓa ganin babban jirgin ruwa da idonsu ba. Amma duk wanda ya san Upper Iweka, watau mahaɗar da hanyar Inugu da ta Owerri da wadda ta sauko daga gadar Kwara suka gamu, ya san numfashin garin daga teku yake fitowa. Kwantenar da aka sauke a Apapa ta Ikko, ko a Onne kusa da Fatakwal, nan take biyowa kafin a fasa ta a raba wa kasuwanni. Tirelar da ta kawo albasa daga Aliero, ko wake daga Dawanau, ko shanu daga Potiskum, ba ta son komawa gida wayam. Direba yakan jira lodin kayan gyaran mota na Nkpor, ko magunguna na kasuwar Kan Gada, ko sauran hajjar da jirgi ya kawo, ya kai Sabon Garin Kano. Kuɗin zuwa da na dawowa su ke haɗuwa su biya mai da taya. Ran da jirgi ya makara, albasa ita kaɗai ke ɗaukar nauyin tafiyar duka.

A hannun baffana na koyi wannan lissafi, domin ya shekara fiye da ashirin yana sayar da albasa a Anacha, ni kuma a wurinsa nake hutun makaranta. Shi bai san kalmar Turanci ko ɗaya ta aikin jiragen ruwa ba, amma da ya ga 'yan dako sun yi zaune a inuwa da hantsi sai ya ce, “Yau ruwa bai kawo kome ba.”

To, me ke hana ruwa kawowa a lokacin annoba? Al'adar teku ita ce, jirgin da ya doso tasha daga wata ƙasa sai ya ɗaga wata tuta rawaya. A da can wannan tuta alamar ciwo ce, kowa ya gan ta sai ya nisanta. A yau ma'anarta ta juye: mai jirgi yana cewa mutanensa lafiya suke, yana neman izinin cuɗanya da gari. Kyaftin zai cika takarda ya faɗi tashoshin da ya biyo, da ko wani ya yi zazzaɓi ko ya mutu a hanya. Sai jami'in lafiya na tasha ya gamsu kafin kwastan da masu sauke kaya su taka jirgin. A Nijeriya an kafa wannan sashe na lafiyar tashoshi a 1925, bayan annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a Ikko a 1924, sa'an nan aka yi dokar killacewa a 1926. Asalin abin kuwa ya girmi Nijeriya nesa ba kusa ba. Tun a 1377 mahukuntan birnin Ragusa, wanda ake kira Dubrovnik yanzu, suka ce wanda ya fito daga ƙasar annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya aka mai da shi kwana 40, kuma daga kalmar arba'in ta harshen Italiya Turawa suka samo sunan da suke kiran killacewa da shi. Alhazanmu na zamanin tafiyar ƙasa sun ɗanɗana irinsa a Suwakin, bakin Bahar Maliya, kafin su haye zuwa Jidda.

Kada mai karatu ya ɗauka ina ganin tsare jirgi aikin banza ne. Tarihin ƙasar nan ba zai bar ni in faɗi haka ba. Ran 14 ga Satumba 1918 wani jirgi mai suna Bida ya iso Ikko daga Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu, ɗauke da masu murar nan da kakanninmu suka sa wa suna marisuwa. Cikin 'yan makonni jirgin ƙasa ya kai ta Kano, jiragen kogi kuma suka gangaro da ita daga Lokoja zuwa Anacha a watan Oktoba. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka mutu a Nijeriya, alhali jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. A wannan shekara dai, a tsibiran Samowa na tekun Fasifik, an bar wani jirgi mai suna Talune ya sauke fasinjoji a ɓangaren da Niyu Zilan ke mulki, sai kimanin mutum ɗaya cikin biyar ya mutu. A ɓangaren da Amurka ke mulki gwamna ya sa a killace duk jirgin da ya zo, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani, babu ja a nan.

Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake yin rigakafin, da wanda ake ɗora wa kuɗinsa. Jirgin 1918 shi ne motar haya ta wancan zamani, cike da fasinja. Jirgin kaya na yau kuwa, duk girmansa, ma'aikatansa ba su cika wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma annoba ta riga ta sami abin hawa mai sauri. Cutar Ebola ta shigo Ikko ran 20 ga Yuli 2014 a jikin Patrick Sawyer, ɗan Laberiya, ta jirgin sama. Dakta Stella Adadevoh ce ta ƙi sallamarsa daga asibiti, ita ma cutar ta yi ajalinta ran 19 ga Agusta, Allah Ya saka mata. Fatakwal, mai tashoshin jiragen ruwa a gindinta, ba ta teku cutar ta same ta ba. Wani da ya yi cuɗanya da Sawyer ne ya sulale daga Ikko ya je aka yi masa magani a ɓoye a ɗakin otal, likitan da ya duba shi ya kamu ya rasu ran 22 ga Agusta. Abin da ya kashe wutar shi ne ma'aikatan lafiya da suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida suna auna zafin jikinsu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta fita.

Duk da haka, a wancan Agusta Kamaru ta rufe iyakarta da mu ta ƙasa da ta sama da ta ruwa. Tashar Abidjan ta hana jiragen da suka fito daga ƙasashen da cutar ta yi ƙamari shiga, sai daga baya ta janye. Laberiya da Saliyo da Gini, masu dogara da shinkafa da man da jirgi ke kawowa, suka ga tsoron maƙwabta yana neman ƙara musu yunwa a kan ciwo, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ran 18 ga Satumba a ɗage irin wannan ƙawanya. Alhali akwai yarjejeniyar da duk ƙasashen nan suka amince da ita, watau Dokokin Kiwon Lafiya na Duniya na 2005. Sashe na 28 ya ce ba a korar jirgi daga tasha saboda dalilin lafiya, ba a kuma hana shi sauke kaya ko ɗibar ruwa da abinci da mai. A bincika shi, a yi masa feshi in da bukata, in tashar ba ta da kayan aiki a tura shi wadda ke da su. Sashe na 43 ya ƙara da cewa ƙasar da ta tsananta fiye da haka sai ta kawo hujjar ilmi. A ganina hikimar wannan doka a fili take. Kyaftin da ya san za a kore shi in ya faɗi gaskiya, to, ba zai rubuta zazzaɓi a takardarsa ba.

A 2020 ina ɗakin labarai lokacin da korona ta zo, ita ma ta jirgin sama, a jikin wani ɗan Italiya da aka tabbatar ya kamu ran 27 ga Fabrairu. Wata guda bayan haka aka sami mutum shida masu cutar a cikin wani jirgin ruwa a Ikko. A ƙarshen Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarni cewa jirgin kaya ba zai shiga tasha ba sai wanda ya yi fiye da kwana 14 a teku, sai kuma jami'an lafiya sun tabbatar ma'aikatansa ba su da cutar. Aka togace jiragen mai da na gas.

Kwana 14 ɗin yana da hujja, domin iyakar kwanakin da cutar ke ɓuya a jiki ke nan bisa sanin likitoci na lokacin. Amma a duba wanda ƙa'idar ta fi kamawa. Jirgin da ya taso daga Sin kai tsaye yakan shafe wata guda ko fiye a ruwa, ya riga ya cika sharaɗi tun bai hango Ikko ba. Wanda ya taso daga Lome ko Tema ko Abidjan, tafiyar kwana ɗaya zuwa uku, shi ne mai zaman jira, kuma kaya masu yawa da ke zuwa mana a waɗannan tashoshi ake juye su daga babban jirgi zuwa ƙarami. Kowace ranar jira kuɗi ce. Mai jirgi ya ɗora wa mai kwantena, mai kwantena ya ɗora wa ɗan kasuwar Anacha, shi kuma ya rage abin da zai saya a hannun Bahaushe mai tumatir. Togace jiragen mai da aka yi, an ce don aikinsu ba ya bukatar cuɗanya da mutane sosai. Haka ne. Sai dai kuma kowa ya san daga wane jirgi baitulmali ke ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makomar ma'aikatan jiragen. Duniya duka ta yanke shawara iri ɗaya ba tare da an zauna taro ba: kaya su wuce, mutum ya tsaya. Yarjejeniyar ƙwadago ta teku ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2013, ba ta yarda ma'aikaci ya wuce wata 11 a jirgi ba hutu ba. Amma da aka hana su sauka, aka kuma tsai da jiragen sama da za su mai da su gida, hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Satumba 2020 wajen mutum 400,000 suka maƙale a ruwa bayan wa'adinsu ya cika, wasu har wata 17. An sami marasa lafiyar da aka hana su sauka su ga likita. Sai a watan Disamba babban taron Majalisar ya roƙi ƙasashe su lasafta su cikin ma'aikatan da ba a iya yi sai da su. Da yawansu 'yan Filifin ne da Indiya, ba su da ƙuri'a a ƙasar da suka ciyar.

Ban taɓa magana da ɗaya daga cikinsu ba, amma na san takwarorinsu na tudu. A ƙarshen Maris gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya rufe iyakokin jiharsa. Gwamnatin Anambra ta rufe kasuwanni, daga baya har ta kafa ƙofar ƙarfe a bakin gadar Kwara. Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi daga farkon Mayu har zuwa 1 ga Yuli. A takarda motocin abinci an ba su hanya. A kan titi kuwa buhu ne ke da izini, direba da yaron mota da mai rakiyar shanu su ne abin tuhuma, musamman da labarin yawan mace-mace a Kano ya bazu a watan Afrilu. Daga Gariki ta Inugu zuwa zangunan Fatakwal, mutanenmu sun ji a jikinsu abin da ake nufi da a so kayanka a ƙi ganinka. Ba na musun cewa akwai direbobin da suka ɓoye fasinja a bayan buhuna don kwaɗayin kuɗi, kuma sun ja wa sauran baƙin jini. Amma ma'aikacin jirgi, duk wuyarsa, yana da tuta da takarda da jami'in da aka san aikinsa ne ya duba shi, yana da adadin kwanakin da aka faɗa masa. Direban tirela ba shi da ko ɗaya. Hukuncinsa yana hannun duk wanda ya gitta katako a hanya.

A watan Afrilu na shekarar an kawo wa Majalisar Wakilai ƙudurin da zai maye gurbin dokar 1926, wadda da ita Shugaban Ƙasa ya kafa hujjar kulle Ikko da Ogun da Abuja. Aka yi ta cacar baki a kan ikon da ƙudurin ya ba jami'ai, har wa'adin wannan majalisa ya ƙare bai zama doka ba. A duk muhawarar ban ji wanda ya tambayi inda za a ajiye direban da aka tsare ba, ko wa zai ba shi ruwa, ko ranar da za a sake shi.

Wani direba da ke kawo wa baffana kaya ya buga mini waya a cikin watan Mayun nan, don ya ji an ce ɗan gidan yana aikin jarida. Ya kwana uku a hanya tsakanin shinge da shinge, kowane wuri sai an sauke su an ƙirga, ba wanda ya auna zafin jikin kowa. Albasa ba ta haƙuri da zafin tamfol. Da ya isa Anacha kashi ɗaya cikin uku ya fara ruwa, baffa ya sayar da sauran a kan abin da ya samu. Direban ya kai motarsa Upper Iweka ya yi kwana huɗu yana jiran lodin komawa, shagunan da ke ba shi kaya wasu a rufe, wasu suna jiran kwantenar da ba ta fito ba. Ranar ta biyar ya ranci kuɗin mai a hannun baffa, ya juya Aliero da tirela babu kome a ciki sai igiya da tamfol.