Wasiƙar da Japananci Ya Sa Muka Karanta

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Mu kam ba mu taɓa taka ƙasar Japan ba, amma ƙungiyar koyon harshenta da muka shiga a nan jami'a ta kai mu inda ba mu zata ba.

Mu huɗu ne Hausawa a cikinta, saura kuwa 'yan'uwanmu ne na nan kudu. Kowace Asabar da hantsi muke haɗuwa, wani ɗalibin injiniya da ya taɓa zama can yana koya mana. Da fari mun yi ta taƙama, domin Japananci yana bambanta dogon wasali da gajere: obasan goggo ce, obaasan kuwa kaka. Kunnen da ya saba rarrabe garin zama da garin tuwo ba ya tuntuɓe a nan.

Da aka zo rubutu sai muka natsu. Akwai hiragana mai alamomi 46, da katakana mai 46, sa'an nan ga kanji, wanda jerin da hukuma ta fitar a 2010 ya ƙunshi 2,136. Daga Sin suka aro kanji, suka sassaƙa sauran biyun daga jikinsa fiye da shekara dubu da suka shige. Ko da suka rungumi ilimin zamani daga 1868, ba su yar da rubutunsu ba.

Jin haka muka ce ai mu ma kakanninmu sun aro baƙaƙen Larabci sun yi ajami, wanda da shi Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta na Hausa. Malamin ya ce yana son ya gani. Mako na zagayowa ɗayanmu ya kawo wasiƙar da marigayi kakansa, bafataken goro, ya aiko gida. Muka taru a kanta. Dukkanmu mun yi makarantar allo, mun san baƙaƙen, amma yadda tsohon ya rubuta "ɗa" da "tsa" ya gagare mu. Layi uku muka yi da ƙyar, muka tsaya. Mu da muka haddace alamomi 92 na wasu cikin zango guda, ga shi maganar kakanmu ta fi ƙarfinmu a gaban baƙi. Babu wanda ya yi mana dariya, kuma wannan ya fi ciwo.

Ba mu bar ƙungiyar ba. Sai dai yanzu Asabar ɗinmu kashi biyu ce: da hantsi Japananci, bayan la'asar kuma mu gangara unguwar Sabo wurin wani dattijon malami. A zama na biyar muka kai ƙarshen wasiƙar. Ashe tsohon yana roƙo ne a sa yaransa karatu, ko da za a sayar da gonarsa. Jikan nasa ya daɗe bai ɗago kai ba.

Allah Ya jiƙan magabata, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.