Albasa a Buhu

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Malamin noma ya ce kowa a ajinmu ya shuka wani abu a gida, ya riƙa rubuta yadda yake tafiya. Ni ko bai faɗa ba ina da niyya. Gonarmu ta tudu bana Baba bai taka ta ba saboda 'yan bindiga, ta fadama kuma ambaliyar da ta afka wa Gummi a watan Agusta ta cinye ta. Kayan miya sun yi tsadar da Inna kan raba albasa ɗaya gida biyu. Na share lungun da ke tsakanin rijiya da katanga, inda rana ke sauka tun hantsi.

Lahadi, 10

Yaya ya kawo mini tsofaffin buhuna daga wurin wani abokinsa. Kaka na gani ta miƙe, ta zazzage ɗaya, wata ƙura mai toka-toka ta zubo.

"Me aka ɗauko cikinsu?"

Ya ce duwatsun zinari ne.

"Fitar mini da su daga gidan nan yanzu. Kai da ita ku wanke hannu da sabulu."

Da dare ta zaunar da ni. Ita 'yar ƙasar Bukkuyum ce, tana can a 2010 lokacin da yara suka riƙa suma suna mutuwa a 'Yargalma, da Dareta ta ƙasar Anka. Maza na kawo dutse daga rami, ana daka shi a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi, ƙurar dalmar da ke cikin dutsen na sauka inda jarirai ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF sun ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwo, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ƙauyen Bagega ma ba a kai gare shi ba sai 2013.

A makaranta an koya mana taki da ban ruwa, amma ba a taɓa cewa mu tambayi inda ƙasa ta fito ba. A wannan yanki namu, da wannan ya kamata darasin ya fara.

Litinin, 11

Na samo buhunan shinkafa daga shagon Kawu, na huda gindinsu. Ƙasa daga bakin fadama Baba ya ɗebo ta, baƙa mai laushi. Na gauraya ta da yashi da takin awaki wanda ya shekara, don sabo yana ƙona saiwa.

Talata, 12

Wani mai lambu a bakin gulbi ya sayar mini da dashen albasa, ja ce, irin wadda ake lodi a Aliero. Ya ce in datse kan ganyen kafin in dasa, kada kuma in binne ta da zurfi, in ba haka ba sai ta yi ta lawashi ta ƙi yin kai. Tafarnuwa na ɓare ta, na zaɓi manyan, na kafa kowace tsininta sama. Na'ana'a reshe ne Goggo ta tsinko mini, na ba ta tsohon bokiti ita kaɗai saboda yaɗo. Alayyafo da sure na watsa.

Alhamis, 14

Albasar duk ta kwanta. Kaka ta ce in bar ta, haka dashe yake yi.

Lahadi, 17

Ta miƙe! Alayyafo ma ya fito, jajaye-jajaye, sun cika bakin buhu. Kaji sun gano wurin, Yaya ya kewaye mini da kara da tsohon gidan sauro.

Laraba, 20

Tafarnuwa ta huda ƙasa. Sanyi ya fara shigowa, iskar hunturu na busar da buhu kafin azahar, sai na koma ban ruwa safe da yamma. Na rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa. Wani abu na ɓula ganyen sure. Na jiƙa ganyen bedi ya kwana, na tace, na yayyafa.

Asabar, 23

Na rage alayyafo inda ya yi cunkoso, abin da na tuge Inna ta wanke shi sosai ta sa a fate. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta ce ita ma tana so, tana da buhuna a zaure. Kaka ta aike ni in je in gan su da idona kafin a zuba musu ƙasa. Na taki ne, sai wanki kawai suke buƙata. Gobe bayan Islamiyya zan raka 'yarta wurin mai dashe.