Yunwar da Ƙwai Ke Tayarwa

Na daɗe ina ganin kalmar yunwa ta yi mana kaɗan. Muna faɗinta kamar abu guda ce, alhali jiki yakan nemi wani sinadari takamaimai gwargwadon aikin da ke gabansa. Sauro ne ya fi gamsar da ni a kan haka.

Namijin sauro ba ya cizo, ruwan furanni ya ishe shi. Tamatar ma tana shan ruwan furanni don samun ƙarfin tashi, sai dai sukari ba ya gina ƙwai. Furotin ne ke gina shi, jini kuwa cike yake da furotin. Da zarar ta ƙoshi da jini, sai ta daina neman mutum na wasu kwanaki har ta nasa ƙwai, sannan kwaɗayin ya dawo. Wannan kai-komo tsakanin jikin wani da jikin wani shi ne hanyar da zazzaɓin cizon sauro ke bi yana shiga gidajenmu kowace damina.

Ƙudan 'ya'yan itace ya ƙara haska lamarin. A shekarar 2010, Carlos Ribeiro da Barry Dickson sun nuna cewa tamatar da aka yi wa barbara takan karkata ga yis, abincin da ya fi furotin, fiye da namiji da kuma tamatar da ba a taɓa ba. Wani ɗan sinadari da namiji ke zubawa tare da maniyyinsa yana taɓa jijiyoyin da ke mahaifarta, saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, zaɓin abincinta ya sauya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kwaɗayin da ke da makunni yana da makashi. A 2019, masu bincike a ɗakin gwajin Leslie Vosshall na Jami'ar Rockefeller a Amurka sun ciyar da sauron Aedes aegypti, mai yaɗa shawara da dengi, magungunan da ke sa shi jin ƙoshi, sai ya rage neman jini. Wannan ba jinsin da ke kawo mana maleriya ba ne, kuma tsakanin ɗakin gwaji da unguwa akwai tafiya. Duk da haka, tun da na san dalilin cizon, na fara tunanin cewa bayan gidan sauro da feshi, wata rana za a iya yaƙar sauro ta hanyar ƙosar da shi.