Mu Da 'Yar Kwamfutarmu

Mu malamai muka yi karo-karo muka sayo Raspberry Pi 4, 'yar kwamfutar nan ta Ingila da ta fito a 2019, ba ta wuce tafin hannu ba. Ƙwaƙwalwarta ARM ce, irin ta wayar hannu, ga rashin cin wuta. Yara na koyon Python a kanta lafiya lau.

Sai ranar haɗa sakamakon jarrabawa ta zo. Manhajar lissafin makinmu ta ƙi buɗewa, ashe don ƙwaƙwalwar x86 aka rubuta ta. Muka sa mata tafinta, watau manhajar da ke fassara mata umarni. Ta buɗe kam, amma tafiyar hawainiya! Ga iyaye na jiran sakamako ranar Juma'a. Haka muka koma ga biro da rajista har bayan isha'i.