Biyu da Nema a Yawunde

Jirgin ƙasa na dare ya kwaso ni daga Ngaundare, ya sauke ni Yawunde ranar Asabar da hantsi. Na sauka gidan kawuna a Briqueterie, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa gindi, inda ƙamshin tsire ke tarbar baƙo tun kafin mai masauki. Sarin kaya ne ya kawo ni.

Washegari bayan sallar asuba kawu ya fito da tsohon takalmin ƙwallo a leda. Mutum ya haura shekara 60, ga furfura, ga tumbi.

"Kawu, ina kuma za ka da wannan?"

"Taso ka gani, ɗana. Yau Lahadi."

Filin jar ƙasa ne a bayan wata makaranta, ya ɗan karkace, don garin duk tuddai ne. 'Yan Kamaru na kiran wannan wasa na safiyar Lahadi deux-zéro, wato biyu da nema: ɓangaren da aka zura wa biyu ya fita, masu jira su shigo. Akwai mahauci daga Garwa, da direban babbar mota Bamileke, da malamin makaranta mai ritaya. Ana neman ƙwallo da Faransanci, a yi ƙorafi da Fulatanci, a yi dariya da Hausa. Dokarsu ɗaya ce: ba a kwashe ƙafar kowa, don gobe Litinin, kowa na da iyalin ciyarwa.

Mahaucin na zura ƙwallo ya ruga kusurwa yana karkaɗa ƙugu irin na Roger Milla, wanda ya ci 4 a gasar kofin duniya ta 1990 yana ɗan shekara 38. A nan ba wanda ke yarda ya tsufa. Milla ne hujjar kowa.

Kawu ya ce likita ne ya koro shi filin, saboda hawan jini da zaman shago. Amma da aka tashi na ga abin da ya riƙe shi. Suka zauna a gindin mangwaro, malamin ya buɗe wani littafi da ya sha jiki yana kiran suna, kowa na ajiye sefa 1,000. Wanda bai zo ba, a take aka buga masa waya a ji lafiya.

Na tambayi dalilin da ya sa aka bar saurayi ɗaya tal a gola cikin dattawa. Kawu ya yi shiru kafin ya amsa. Ɗan tsohon golansu ne, wani mai sayar da atamfa daga Maraɗi da ya rasu da daminar bara, ba shi da dangi ko ɗaya a garin. Musulmin cikinsu suka yi masa sutura, Kiristocin suka raka har maƙabarta. Kuɗin littafin nan ya mayar da matarsa gida, shi ke biya wa yaron makaranta.

A hanyar komawa kawu na ɗingishi ya dube ni.

"Kai a can inda kake kasuwa, in ka kwana biyu ba ka buɗe shago ba, wa zai neme ka?"

Na lissafa a zuci, ban cika yatsu uku ba. Ranar Talata, cikin kayan da na saro, har da ƙwallo guda.