Abin Da Na Gani A Amarawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi.

Bayan an gama girbin gero aiki ya kai ni ƙasar Illela. Na taso daga Sakkwato, na bi ta Kware da Gwadabawa, na sauka Amarawa, kusa da iyaka. In mutum ya ƙara gaba kaɗan sai ga shi a Birnin Ƙonni, cikin ƙasar Nijar.

Da la'asar na ji kalangu yana tashi a bayan gari, aka ce dambe za a yi. Na ce zan tafi kallo, sai mai masaukina ya ce, "Haba Malam, ina kai ina wasan mahauta?" Duk da haka na tafi, amma ba zan ɓoye muku ba, can baya na raɓe don kada a gan ni.

Akwai wani saurayi ɗan mahauci da ya naɗe hannunsa da zare, ya kashe mutum uku a jere, wato ya kai su ƙasa. Attajirai na bisa kujeru suna ta yi masa kari. A karo na huɗu hannun ya karye. Ko ɗaya daga cikinsu bai tashi ba, yayyensa suka kai shi wurin mai ɗori. Kashegari na bi ta kasuwa, na tarar wani ke yanka nama a madadinsa.

Wannan ya sa na yi ta tunani. Mun raba wasa kamar yadda muka raba gidaje: dambe na mahauta, kokawa ta manoma, ƙwallon dawaki na sarakuna da attajirai. Marigayi Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a ƙwallon dawaki har ƙasashen waje, kuma ya cancanta. Amma wasa ne da ba a shigarsa da doki ɗaya, ga hatsi, ga masu kiwo. Ɗan talaka ko ya fi kowa iya sukuwa, iyakarsa riƙe linzami.

Kada wani ya ce haka Allah ya tsara. Ku dubi maƙwabtanmu. Tun 1975 gwamnatin Nijar ta kafa gasar kokawa ta ƙasa, aka fara a Tawa, wanda ya ci a ba shi takobi a gaban manya. Manomin da jiya ake kira ɗan tasha, yau sunansa na bakin kowa. Kokawar dai ita ce, darajar da aka ba ta ce ta sāke.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai su sa a riƙa ware wani abu daga kuɗin ƙofa don jinyar wanda ya ji rauni. Mu kuwa malamai da akawuna, mu bar kallo daga baya. Ni kam na tuba.

Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Sakkwato.