Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Akwai gadon da ake rabawa a gaban alƙali, akwai kuma wanda mutum yake ɗauke da shi a jikinsa tun ranar da aka haife shi. Irin na biyun nan shi ne rabona daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ciwon dajin hanji ya ɗauke yana ɗan shekara 41. Cuta ce da takan sa ɗaruruwan tsiro, wani lokaci ma dubbai, su fito a babban hanji tun mutum yana saurayi. Tushenta wata ƙwayar gado ce da masana suka gano a shekarar 1991, suka kira ta APC. Duk ɗan da mai ita ya haifa, ko dai ya gada ko ya tsira, rabi da rabi. In ba a cire hanjin ba, da wuya ɗaya daga cikin tsiron nan bai rikiɗe ya zama daji ba wajen shekara 40.

Ni dai an cire nawa ina da shekara 22. Dangi suka yi ta zuwa barka, aka yi sadaka, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma wuƙar likita hanji ta yanke, gadon kuwa yana nan a kowace ƙwaya ta jiki. Mafi yawan masu wannan cuta, tsiro yakan sake fito musu ta sama. Na tumbi galibi ba shi da haɗari. Abin tsoro shi ne na farkon ƙaramin hanji, musamman daidai ƙofar da maɗaci yake zubowa, domin dajin wannan wuri yana cikin manyan abubuwan da suke kashe waɗanda aka riga aka yi wa aiki. A shekarar 1989 likita Spigelman da abokan aikinsa na asibitin St Mark's da ke Landan suka tsara ma'auni daga mataki na 0 zuwa na 4, bisa yawan tsiron da girmansa da irinsa da yadda ƙwayoyinsa suka canza. Matakin mutum shi yake nuna ko bayan shekara 5 za a sake duba shi, ko bayan 'yan watanni.

Saboda haka duk shekara nakan kwana da yunwa, a zura mini bututu mai fitila ta baki, a leƙa, a tsinke abin da ya tsinku. Wahalar ba a bututun take ba. Wahalar ita ce mutum ya tara kuɗi, ya kama hanyar asibiti alhali ba inda yake masa ciwo, ga kuma tambayar masoya. Gwaggona ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, ba an riga an yanke ba? Me kuma ake nema a cikinka?" Na ce, "Gwaggo, abin da ake nema ba ya sallama. Ranar da ya yi magana, ya riga ya yi nisa."

Wannan shi ne abin da nake so ɗan'uwa mai karatu ya riƙe. Jin garau a wannan cuta ba shaidar lafiya ba ce, kuma tawakkali bai hana bincike ba. In a gidanku an rasa mutum biyu ko uku da ciwon hanji tun suna da sauran ƙuruciya, a kai 'ya'yansu a duba. Wanda aka yi wa aiki kuma kada ya yar da katinsa na asibiti. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.